Ɗana yana shan maganin rashin natsuwa, yanzu likita ta ce a ƙara masa na fargaba

Ummu_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa sa baki ba, amma yau abin ya sha min kai. Ɗana shekararsa 9. Wata uku da suka wuce aka tabbatar yana da ADHD, larurar nan ta rashin natsuwa da kasa maida hankali, aka ɗora shi a kan Ritalin. Ta fannin karatu kam an ga canji. Malamarsa ta ce yanzu yana zama ya gama aikin aji, abin da bai taɓa yi ba tun da ya shiga makaranta.

To ga inda gizo ke saƙar. Kullum da safe cikinsa na ciwo. In na kai shi bakin ƙofar makaranta sai ya riƙe hannuna ya ce, "Umma, ke za ki zo ɗaukata?" In ce e. Ya yi taku biyu ya juyo, "In kin manta fa?" Haka za mu yi sau huɗu, sau biyar. Wuyan rigarsa duk ya taune shi har ya huje. Da dare ba ya barci sai ya leƙo ɗakinmu ya ga muna nan.

Jiya likitarsa ta ce yana da ciwon fargaba, tana so ta ƙara masa satralin, wanda ake sayarwa da sunan Zoloft. Babansa ya ce bai yarda ba, ma a cire na farkon. Ni kuma na rasa tudun dafawa. Shin Ritalin ɗin ne ya jawo masa fargabar? In shi ne, me zai sa a ɗora magani kan magani? Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya yi min bayani.

Hajiya_Larai:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ni dai ina bayan mijinki. Yaro ɗan shekara tara a haɗa masa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har biyu? Na goyi yara shida, babu wanda bai yi ƙiriniya ba, babu wanda bai yi kukan makaranta ba, kuma duk girma ya raba su da shi. Ki ja shi a jiki, ki yi ta lallashinsa. Allah ya ba shi lafiya.

Baban_Yusra:
Kafin a kai ga waye ke da gaskiya, ina da tambaya biyu. Kafin ya fara shan Ritalin, yana wannan ciwon cikin? Sannan da wane lokaci abin ya fi tsanani?

Dalilin tambayata, mun sha irin wannan da 'yata. Tana shan mai gajeren zango, wanda aikinsa awa uku zuwa huɗu ne. Kullum wajen ƙarfe huɗu na yamma sai ta koma wata daban: kuka ba dalili, in ƙanenta ya taɓa mata fensir sai ihu, ta shige bayan kujera ta ce kowa ya tsane ta. Mun ɗauka wani sabon ciwo ne. Ashe lokacin da maganin ke sakinta ne, yana fita daga jikinta farat ɗaya. Da likita ya mayar da ita kan Concerta, mai sakin kansa a hankali har wajen awa 12, cikin mako guda kukan yamman ya ragu ƙwarai. Ba a ƙara mata komai ba. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ƙarfe nawa ya sha, ƙarfe nawa abin ya taso. Littafin nan shi ya cece mu.

Ummu_Hanif:
Baban Yusra, tambayarka ta sa na zauna na yi shiru. Gaskiya ciwon cikin tun yana aji ɗaya yake yi, ni ce na ɗauka ƙiwuya ce. Taunar riga ma tsohuwa ce. Kuma da safen ma tun kafin ya haɗiyi ƙwayar yake fara cewa cikinsa. Amma tambayar nan ta "za ki zo ɗaukata" ta ƙaru a 'yan watannin nan, wannan ba na shakka.

Sagir_Famasi:
To kin ga amsarki ta fara fitowa. Ritalin mai gajeren zango da aka sha jiya da rana ba ya cikin jiki yana aiki yau da asuba. In fargabar tana tashi tun kafin a sha, kuma ta girmi maganin da shekaru, da wuya a ɗora masa laifin duka. Ba ina cewa ba ya iya jawowa ba. Yana iya, musamman in adadin ya yi wa yaro yawa: zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, yaro ya yi tsuru-tsuru kamar an ɗaure shi. Amma wannan yakan zo ne awa ɗaya zuwa biyu bayan sha, ya lafa in maganin ya sake shi.

Da can likitoci da yawa na gudun ba wa yaro mai fargaba irin wannan maganin. A 2015 aka yi wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje fiye da ashirin, na yara kusan dubu uku, sai aka ga akasin abin da ake tsoro: waɗanda suka sha maganin sun fi ƙarancin kukan fargaba a kan waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta. Wannan a jimlace ke nan. Ɗaiɗaikun yara kuwa, akwai wanda abin ke tsananta masa, shi ya sa littafin da Baban Yusra ya faɗa yake da muhimmanci.

Kabir_Dogo:
Ni ba uba ba ne, yaron ne da kansa, sai dai na girma yanzu. Bari in faɗa miki abin da ƙila Hanif ba zai iya faɗa ba. Lokacin da aka fara ba ni magani ina shekara 11, kamar an goge min gilashi ne. Kafin nan ban san ana dariyata ba in malami ya kira sunana ban ji ba. Ban san an wuce ni da nisa a lissafi ba. Da hankalina ya dawo aji, sai na ga duk wannan a lokaci guda. Tsoron da nake da shi tun asali kuma sai ya samu wurin zama, domin da can tunani ɗaya ba ya daɗewa a kaina, wani ke ture shi. Yanzu kuwa ina iya riƙe tunani ɗaya tun safe har dare, ko da kuwa tunanin shi ne mahaifiyata za ta mutu kafin a tashi daga makaranta. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai da na kai shekara ashirin da wani abu.

Ki zaunar da shi, ba a bakin ƙofar makaranta ba, lokacin da yake cikin nishaɗi. Ki tambaye shi me yake ganin zai faru in ba ki zo ba.

Maman_Hassana:
Kabir ka sa ni hawaye. Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi wannan.

Likita_Asma'u:
Ina duba yara masu irin wannan larura, amma ban ga Hanif ba, don haka abin da zan faɗa ba zai maye gurbin likitarsa ba.

Haɗuwar biyun ba baƙon abu ba ne. Tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na yara masu ADHD suna da ciwon fargaba tare da shi. Wahalar aikin ita ce gane wanne ya haifi wanne. Akwai yaron da fargabarsa 'yar rashin natsuwar ce: kullum ya manta littafi, kullum a yi masa faɗa, har ya zama yana kwana da zullumin gobe. Irin wannan in an gyara natsuwar, tsoron kan bi ta baya ya tafi da kansa cikin 'yan watanni. Akwai kuma wanda ba shi da ADHD sam, tsoro ne ya cika masa kai har ba ya jin abin da malami ke faɗa, a duba a ce ba ya maida hankali. Wannan in aka ba shi Ritalin ba a taɓa asalin ciwon ba. Sai kuma wanda kowanne ciwo ke tsaye da ƙafarsa. Abin da kika bayyana, tsoron rabuwa da uwa, ciwon ciki tun aji ɗaya, leƙo ku da dare, kuma karatu ya gyaru amma tsoron bai motsa ba bayan wata uku, ya fi kama da na ƙarshen nan. Ina jin abin da likitarsa ta hango ke nan.

Hajiya Larai, ranki ya daɗe, gaskiyarki ce cewa yawancin yara na kukan makaranta kuma yana wucewa. Inda muke bambantawa shi ne daɗewa da kuma ɓarnar da yake yi. Kukan mako biyu a farkon shiga aji daban, shekara uku ana ciwon ciki da rashin barci daban.

Abin da ban ji a bayaninki ba, Ummu Hanif, shi ne ko an yi miki maganar CBT. Zama ne da masanin halayyar ɗan'adam, ana koya wa yaro gane tsoronsa da tunkarar abin da yake gudu mataki-mataki, ana kuma koya wa iyaye yadda za su taimaka. Ga fargaba mai sauƙi ko matsakaiciya, da shi ake so a fara.

Ummu_Hanif:
Ta ambata, amma ta ce masu yi ba su da yawa kuma jira zai yi tsawo. Ni kuma da na ji kalmar magani na biyu, sauran bayanin duk bai shige ni ba.

Abu_Safwan:
Ku yi haƙuri, akwai abin da kowa ke kewayewa. Wannan satralin ɗin ba shi ne aka rubuta a takardarsa cewa yana sa yara tunanin kashe kansu ba? Na gani da idona a kwalin na ƙanwata. Yaya za a ba ɗan shekara tara abin da kamfanin da ya yi shi ma yake gargaɗi a kansa?

Sagir_Famasi:
Malam Abu Safwan, gargaɗin gaskiya ne, kuma ya kamata kowane uba ya san shi. A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa a rubuta shi a kan duk magungunan wannan rukuni. Da suka haɗa gwaje-gwajen da aka yi da yara sama da dubu huɗu, sun ga kusan 4 cikin 100 na masu shan maganin sun yi irin wannan tunani ko yunƙuri, a kan 2 cikin 100 na masu shan ƙwayar da ba komai a ciki. Babu yaro ko ɗaya da ya kashe kansa a cikin waɗannan gwaje-gwajen. Ma'anar gargaɗin a sa ido sosai, musamman makonnin farko da duk lokacin da aka ƙara ko aka rage adadi. In yaro ya fara maganar mutuwa, ko ya rikice fiye da da, ko ya daina barci gaba ɗaya, a kira likita a ranar, ba a jira ranar komawa asibiti ba.

Abu_Safwan:
Biyu zuwa huɗu ai ninki ne. In ɗanka ne ya faɗo cikin biyun da suka ƙaru, lissafi ba zai yi maka amfani ba.

Likita_Asma'u:
Ba zan musa maka ba, kuma ba na son iyaye su ɗauki gargaɗin da wasa. Amma a ɗora ɗaya gefen ma a kan sikeli. A 2008 aka wallafa wani babban gwaji a Amurka da ake kira CAMS, yara 488 masu ciwon fargaba, 'yan shekara 7 zuwa 17, aka bi su mako 12. Waɗanda aka haɗa musu satralin da CBT, kusan 81 cikin 100 sun samu sauƙi sosai. CBT kaɗai kusan 60, satralin kaɗai kusan 55, ƙwayar da ba komai kusan 24. Ka ga abu biyu a nan. Na ɗaya, CBT shi kaɗai ba kanwar lasa ba ne, ya kamo maganin har ya ɗan ɗara. Na biyu, barin yaro haka nan shi ma zaɓi ne mai nasa haɗarin. Fargabar da ba a kula da ita ba takan kai ga ƙin makaranta gaba ɗaya, kuma tana daga cikin abubuwan da ke share wa ciwon baƙin ciki hanya a shekarun balaga.

Abin da nake tambayar iyaye kafin in rubuta irin wannan magani: akwai wanda ya taɓa ciwon nan mai hawa da sauka a dangi, wanda mutum kan yi kwanaki ba barci yana ta surutu da manyan shirye-shirye, sannan ya faɗa baƙin ciki? In akwai, sai an ƙara taka tsantsan.

Maman_Hassana:
Bari in ba da namu labarin, don mu mun bi hanyar magani biyun. Hassana ta fara Concerta tana shekara 8, aka ƙara satralin tana 10, bayan mun yi wata huɗu muna CBT abin ya ƙi. Ta kai ba ta iya shiga aji, sai ta tsaya a baranda tana amai. An fara mata da ɗan kaɗan, rabin ƙaramar ƙwaya. Makon farko na kusa watsar da shi. Ta kasa zama wuri ɗaya, tana ta zirga-zirga, ga tashin zuciya, ga barci ya ƙara lalacewa. Na kira likita ina kuka. Ya yi min tambayoyi, ya yi magana da ita kanta, ya ce kar a ƙara adadin tukuna, a mayar da shan da safe, mu dawo bayan kwana biyar. A mako na biyu zirga-zirgar ta kwanta. Mako na uku, na huɗu, ban ga komai ba, har na fara cewa wahalar banza muke sha.

Wajen mako na shida ne wata safiya ina neman takalminta, sai na ga ta riga ta sa, ta rataya jaka tana tsaye tana jirana. Ba ta ce cikinta ba. A mota tana ba ni labarin wata ƙawarta. Da muka isa ta buɗe ƙofa ta fita, ba ta ko waiwayo ba. Na daɗe a wurin ban tada mota ba.

Abin da na lura, maganin bai koya mata komai ba. Sassauta tsoron ya yi har ta iya yin aikin da mai CBT ke ba ta, wanda a da ko farawa ba ta iya yi. Bayan ta yi kusan shekara lafiya lau aka fara janye shi a hankali lokacin dogon hutu. Yanzu Concerta kaɗai take sha.

Anti_Rabi:
Ni mamakina, me ya sa ba a ba shi Strattera ba? Ɗan yayata shi yake sha, an ce yana maganin duka biyun. Ƙwaya ɗaya ai ta fi biyu, kuma ba ta da illa.

Sagir_Famasi:
Anti, rabin maganarki daidai ne. Atomozetin, wato Strattera, ba ya cikin rukunin Ritalin, kuma an yi gwaji a 2007 da yara masu ciwon biyu aka ga ya rage duka. Tambaya ce mai kyau da za a kai wa likita. Amma "ba ta da illa" ɗin ne ban yarda ba. Yana sa tashin zuciya, kasala da rashin cin abinci, shi ma yana ɗauke da gargaɗin tunanin kashe kai tun 2005, kuma sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa. A jimlace bai kai Ritalin ƙarfi a kan natsuwa ba. Yaron da karatunsa ya miƙe a kan Ritalin, cire shi a koma wani ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abu kuma da nake yawan gani: in yaro na shan Strattera aka ƙara masa Prozac, wani magani ɗan rukunin satralin, Prozac ɗin na hana hanta sarrafa shi da wuri, sai ya taru a jini. Dole likita ya san duk abin da yaro ke sha. Haka masu shan satralin, kar a haɗa musu da tiramadol, kuma a tambaya kafin a ba su maganin tari, don wasu na ɗauke da sinadarin da ba sa jituwa.

Malama_Zainab:
Mu malamai muna ganin abin da iyaye ba sa gani, iyaye na ganin abin da ba ma gani. Malamar Hanif ta ce ya gyaru, domin ita abin da ke gabanta shi ne ya zauna ya yi aiki. Amma yaro mai tsoro shi ma yana zama shiru. Ina da wata ɗaliba da nake yabo kullum saboda natsuwa, ashe tana goge rubutunta har takarda ta yage don tsoron kuskure. Ki tambayi malamar takamaimai: yana ɗaga hannu? Yana wasa da yara lokacin tara? Sau nawa yake neman fita bayan gida? Yana tambayar ƙarfe nawa? Amsar waɗannan za ta fi "ya gyaru" amfani a wurin likita.

Auwal_MK:
Duk wannan dogon zance, babu wanda ya ambaci waya. Yaran yanzu har tsakar dare suna kallo. Ku ƙwace waya ku ga ko ba za su natsu ba.

Ummu_Hanif:
Ba shi da waya, Malam Auwal. Talabijin ma ana kashewa ƙarfe bakwai.

Baban_Yusra:
Waya ba ita ke kawo ADHD ba, an san larurar tun kafin a ƙirƙiro wayar hannu. Tun 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura irin waɗannan magunguna na natsar da yara. Amma Auwal ya taɓo wani abu, wato barci. Yaron da bai ƙoshi da barci ba, tsoronsa da rashin natsuwarsa duka ninkuwa suke yi. Ummu Hanif, ƙarfe nawa yake shan ƙwayar ƙarshe? In ta yi yamma da yawa ita ma tana hana barci.

Gimbiya_22:
Maƙwabciyata takan ɓallo wa ɗanta ɗan guntun Valium da dare in ya kasa barci, kuma lafiya lau yake kwana. Ko za ki gwada kafin ki koma asibiti?

Likita_Asma'u:
Don Allah kar ki yi, kuma ki ja hankalin maƙwabciyar taki. Gwaje-gwaje ba su nuna irin su Valium na warkar da fargabar yara ba. Jiki na sabawa da su, suna dusashe ƙwaƙwalwa wajen koyo, wasu yaran ma birkicewa suke yi maimakon su kwanta. In ya daɗe yana sha kuma, kar ta yanke masa lokaci guda, ta kai shi a duba shi.

Maman_Walid:
Ni kukana daban ne. A wani asibiti da muka je, rana ɗaya likita ya ninka wa ɗana Ritalin, ya kuma ƙara masa maganin fargaba, ya ce mu dawo bayan wata biyu. Ko hawan jininsa ba a auna ba. Kwana goma yaron ya daina cin abinci, ya rame, ga ciwon kai, ga faɗa. Na koma, aka tambaye ni wanne ne ya jawo. Ni zan sani? Biyu aka canza rana ɗaya! Sai da muka koma wurin wata likita ta mayar da mu baya, aka fara daga tushe, ɗaya bayan ɗaya. Ashe ninkin Ritalin ɗin ne. Wata uku muka yi asara. Ummu Hanif, duk abin da kuka yanke, kar ki yarda a taɓa abu biyu lokaci guda. Kuma maganar maigidanki ta a cire na farko a daidai lokacin da ake tunanin na biyu, ita ma canji biyu ce.

Nas_Bilkisu:
Maman Walid, abin da aka yi muku ba daidai ba ne. Yaro mai shan irin Ritalin ana auna bugun zuciyarsa da hawan jini kafin a canza adadi da kuma bayan an canza. Ƙa'idar da ake bi a Ingila ta ce ɗan shekara 10 zuwa ƙasa a auna nauyinsa duk wata uku, tsayi duk wata shida, domin maganin na rage cin abinci kuma yana iya ɗan rage saurin girma. A ba shi karin kumallo ya ƙoshi kafin ya sha, da dare kuma in yunwa ta dawo kar a hana shi ci.

Hajiya_Larai:
Na karanta duka. Labarin Kabir ya taɓa ni, ban ɓoye ba. Amma ku gaya min gaskiya, yaron da ya saba da ƙwaya tun yana ƙarami, in ya girma ba shaye-shaye zai faɗa ba?

Kabir_Dogo:
Hajiya, na sha shekara bakwai, ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba. Amma ni mutum ɗaya ne, likita ta fi ni sani.

Likita_Asma'u:
Binciken da ya bi irin waɗannan yara har girmansu bai nuna maganin na ƙara haɗarin shaye-shaye ba. ADHD ɗin kansa ne ke ƙara shi, saboda gaggawa da rashin tsayawa a yi tunani. Sai dai Ritalin magani ne da doka ta sa wa takunkumi, ana iya yin ɓarna da shi, don haka a kulle shi, babba ne zai riƙa miƙa wa yaro. Satralin kuma ba ya sa maye, amma ba a yanke shi farat ɗaya, jiri da rashin jin daɗi kan biyo baya.

Baban_Yusra:
Wata shawara a matsayina na uba. Ki tafi da Baban Hanif asibitin. Ni ma da farko na ƙi, domin labari kawai ake kawo min gida, ina jin kamar an yanke hukunci a kan 'yata ba da ni ba. Ranar da na zauna gaban likita na yi tambayoyina da bakina, na sauko. In ma bai sauko ba, gara ya faɗi dalilinsa a can.

Ummu_Hanif:
'Yan'uwa na dawo, yau kwana 16. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Na yi littafin. Abin da ya nuna: tsoron ya fi tsanani da safe kafin ya sha magani da kuma daren da gobe za a koma makaranta. Ranakun hutu da ba ya sha ma yana leƙo mu da dare. Akwai ɗan ƙunci wajen ƙarfe biyar, amma ba mai yawa ba.

Kabir, na tambaye shi kamar yadda ka ce. Muna ninke kaya, na ce, "In ban zo ɗaukarka ba me kake gani ya faru?" Ya daɗe yana murza safa a hannunsa. Sai ya ce, "Mota ta buge ki." Ya ce kullum yana ƙirga motocin da ke wucewa ta tagar aji. Shekara nawa yaron nan yana ɗauke da wannan ni ina ce masa malalaci.

Mun je tare da babansa. Ya yi tambayoyi sun fi ashirin. An tsaya a kan Ritalin na nan yadda yake, an sa mu a layin CBT, kuma kafin nan likita ta koya min in amsa tambayarsa sau ɗaya tak, da tabbaci, in yi sallama in tafi ko yana kuka. Ta ce yawan maimaita masa amsa na ciyar da tsoron ne. Za mu koma bayan mako shida. In babu sauƙi, ko ya fara ƙin zuwa makaranta, za a fara satralin. Babansa ya ce sai ya gani tukuna. Ni kuwa har yanzu zuciyata biyu, wani lokaci in ga kamar jinkirin nan zalunci ne a kansa.

Abu_Safwan:
Jinkirin shi ne daidai. Allah ya sa kar a kai ga na biyun.

Maman_Hassana:
Ni da zan koma baya, da ban jira wata huɗu ba. Amma Hassana ta fi Hanif jin jiki a lokacin. Ki dai ci gaba da littafin, kuma in kin ga abin na ƙaruwa kar ki jira mako shidan ya cika.

Ummu_Hanif:
In sha Allah. Yau kwana huɗu ina gwada amsa sau ɗayan. Jiya ya yi kuka har na ji kamar in koma in ɗauko shi, na zagaya bayan katanga na tsaya. Malamarsa ta ce minti goma ya yi ya share hawaye. Yau da safe ya tambaya sau biyu, na amsa ta farko, ta biyun na shafa kansa kawai. Maman Hassana, ke lokacin da kuke wannan matakin, da dare fa yaya kika yi? Kina mayar da ita ɗakinta ne ko kina barinta ta kwana wurinki?